Injin yankan ciyawa na hawa yana rezin lafiya, amma da an sa masa aiki sai ƙarfi ya tafi

Matsalar da nake so muyi magana akai itace wadda injin zai tashi bugu ɗaya, ka barshi a silo yana ta kaɗawa ba wani abu, ka ƙara totur ya amsa, amma kana kunna wuƙaƙe ko ka shiga ciyawa mai kauri ko ka fara hawa ɗan tudu sai kaji murya ta canja, ya fara nishi yana ja da baya, wani lokacin ma ya mutu gaba ɗaya. Abinda ya kamata ka fara sakawa a ranka shine injin da ke rezin ba lodi bai gaya maka komai ba game da lafiyarsa. A silo mai kaɗan yake sha, iska kaɗan, wutar fulogi ko mai rauni ce zata ishe shi. Sai an ɗora masa kaya ne gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji da kanta, zai wangale totur ya nemi mai da iska da wuta cikakku, toh anan ne duk inda ke da rauni zai tonu. Shi yasa gaskiya raina yake ɓaci in naga mutum ya fara da kwance kabureta, ko ma ya sayo sabuwa, alhali ko tabbatarwa baiyi ba cewa injin ne mai laifin.

Kafin ka sa hannu ko ina dan Allah ka ja hambirki, ka kashe wuƙaƙe, ka zare makulli, ka cire wayar fulogi. In zaka ɗaga gaban motar kar ka yarda da jak shi kaɗai, ka sa abin tokare mai ƙarfi. Kuma duk gwajin da zakayi inji na aiki kayi shi a waje a fili, hayaƙin nan bashi da wari mai tsoratarwa amma a rufaffen ɗaki kisa yake.

Ka fara da kunne. Ka hau, ka kai totur ƙarshe, ka shiga ciyawar da ta saba bashi wahala ka saurara. In ƙarar injin tana nan daram bata sauka ba amma wuƙaƙe sun rage gudu suna barin ciyawa a tsaye, ko kana jin ƙaurin roba, wannan ba inji bane, bel ne ke santsi, ko ya miƙe ko sifirin ɗin da ke ɗaure shi ya saki. Haka in a tudu ne motar ke rage tafiya alhali injin na kukansa yadda ya saba, ka duba bel ɗin da ke kai ƙarfi zuwa giya, in shi lafiya yake toh giyar ce, musamman irin mai aiki da mai ɗin nan wadda in tayi zafi sai ta fara kasala. Amma in muryar injin ce da kanta ke faɗuwa, toh mu ci gaba. Af, batun totur ɗin nan ma, akwai masu yanka da rabin totur wai suna tausayin inji ko suna tattalin mai. Kuskure ne. An ƙera waɗannan injina ne suyi aiki a cikakken gudu, wajen juyi 3,000 zuwa 3,600 a minti ya danganta da kamfani, a nan ne ƙarfinsu yake kuma a nan ne fankar da ke sanyaya su ke hura iska sosai.

Sai kuma ka tambayi kanka ko kayan ne suka yi masa yawa. Ka leƙa ƙarƙashin dek, kaskon nan da wuƙaƙe ke ciki. Ɗanyar ciyawa tana manne masa tana taruwa tana bushewa har ta zama kamar daɓe, wuƙa na juyawa tana gogarta, hanyar fitar ciyawa ta toshe, duk wannan inji ne ke biyan kuɗinsa. Ka kankare. Ka taɓa bakin wuƙar, in ta dakushe ba yanka take ba, dukan ciyawa take tana yaga ta, zakaga bakin ciyawar da aka yanka ya yi buzu-buzu bayan kwana ɗaya ya koma ruwan ƙasa. Bayan nan ka sauke bel ɗin dek ka juya kowace wuƙa da hannu, da safar hannu mai kauri fa. Ya kamata ta juya sumul ba ƙara. In kaji gurrr kamar akwai yashi, ko tana da nauyi, ko tana girgiɗi in ka kama bakinta ka ɗaga sama da ƙasa, boris ya tafi. Ka juya sauran fuli ɗin ma ɗaya bayan ɗaya. Boris guda da ya kusa kamewa ya isa ya durƙusar da lafiyayyen inji, kuma sau da yawa zaka samu igiya ko waya ko leda ta naɗe a wuyan sandar wuƙa. Sannan in ciyawa ta yi tsawo kar ka sauke dek ƙasa ka ce sai ka gama a zagaye ɗaya, ka cire kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, ka rage gudu, ka sake dawowa.

Akwai wani abu da ake rikita shi da wannan matsala. In kana kunna wuƙaƙe injin ya ɗauke ɗif nan take kamar an murɗa makulli, ba nishi ba jan rai, wannan yawanci makunnin tsaro ne na ƙarƙashin kujera, yana zaton ba kowa a kai. Ka duba soket ɗinsa ko ya saki ko ya yi tsatsa. A canja shi in ya lalace, kar a haɗe wayoyin a wuce, abin nan shi ke tsayar da wuƙa in mutum ya faɗo.

Toh yanzu in ka tabbatar dek lafiya, ga gwajin da nafi so saboda baya buƙatar ko sifana. Ka buɗe murfin inji, ka nemo ɗan ƙarfen nan da ya taso daga hannun gwamna zuwa kan kabureta inda yake buɗe totur. Wani ya zauna a kujera, birki a jaye, totur a ƙarshe, kai kuma ka tsaya gefe nesa da dek da bel, ba yara a kusa, ka zuba ido akan ƙarfen nan sannan ya kunna wuƙaƙe. Abinda ya kamata ka gani shine injin ya ɗan sauka na daƙiƙa ɗaya, ƙarfen ya zabura ya buɗe totur, gudu ya dawo, sannan ya ɗan koma baya ya tsaya. In kaga ya buɗe har ƙarshe ya tsaya a buɗe amma inji na ta faɗuwa, gwamna ya yi nasa, ya roƙa ba'a bashi ba, sai a nemi iska, mai, wuta ko matsi. In kuwa inji na mutuwa amma ƙarfen ko motsi baiyi ba, ko ya motsa da ƙyar, toh matsalar tana nan gurin, ko sifirin ɗin gwamna ya miƙe ko ya fita daga raminsa, ko datti ya riƙe ƙarfen, ko kebul ɗin totur ya zame daga maɗaurinsa baya kaiwa ƙarshe. Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka lanƙwasa komai ko ka gajarta sifirin don inji ya ƙara ihu. Ba ƙarfi ka ƙara masa ba, gudun da ya wuce ƙa'ida ne kawai, kuma ƙarshensa rodin fistin ya fasa jikin inji. In za'a saita gudu a saita da mitar auna juyi.

Filtar iska minti biyu ce. Ka ciro ta ka ɗaga wa rana, in haske baya ratsa takardar ta gama aiki. Alamarta baƙin hayaƙi da fulogi mai baƙin toka. Mafi yawan kamfanoni suna cewa a wanke soson waje duk awa 25 na aiki, ta takardar kuma a canja wajen awa 100 ko sau ɗaya a shekara, in wurin na da ƙura sosai a gaggauta. Kar ka hura ta da kwamfuresa mai ƙarfi, tana yin ƙananan huji da ido baya gani, ƙura ta wuce ta cinye ringi. In filtar ta jiƙe da baƙin mai ka riƙe wannan a ranka, zamu dawo kansa.

Yanzu mai, wanda anan ne mafi yawan laifin yake. Ka koma ka sa inji a lodi, da ya fara faɗuwa sai ka ɗan ja cok rabi. In kaji ya farfaɗo ya dawo da ƙarfinsa, shikenan ka kama ɓarawon, mai ne baya isa. In kuma cok ɗin ya ƙara shaƙe shi, toh ba yunwar mai bace. Amma ko da gwajin ya nuna mai ne, kar kayi tsalle zuwa kabureta tukuna, ka bi hanyar daga tanki.

Man ma yaushe aka zuba shi? Fetur yana fara lalacewa daga kamar wata ɗaya a ajiye, wanda aka gauraya da etanol kuma yana jan danshi daga iska, ruwan ya kwanta a ƙasan tanki. Ka tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye ya natsu, in akwai ruwa zakaga ya ware a ƙasa, in ya tsufa launinsa ya yi duhu warinsa ya koma kamar na fenti. A zubar da shi inda ya dace a zuba sabo. Ƙananan injina irin su Briggs & Stratton da Kohler da Kawasaki sun yarda da etanol har kashi 10 ne, sama da haka basu yarda ba.

Sai murfin tanki, wanda ba wanda ke zarginsa. Yana da ɗan hujin shan iska, in ya toshe mai na fita iska bata shiga, a hankali tankin ya riƙe man. Alamarsa itace inji zai yi aiki lafiya minti goma ko sha biyar sannan ya fara kasawa, ka kashe ka huta ya dawo daidai. Da ya fara sai ka sassauta murfin, in kaji fiss iska ta shiga kuma inji ya miƙe, sabon murfi kawai kake buƙata.

Filtar mai a canja ta kawai in ba'a san shekarunta ba, a lura da kibiyar da ke jikinta ta kalli kabureta. Kuma a sayi irin tasa, domin filtar injin da ke da famfon mai ta fi ƙanƙantar ido, in ka sa ta a wanda mai ke gangarowa da kansa daga tanki bazai wuce yadda ya kamata ba, ka sa sabuwar filta ka ƙirƙiro sabuwar matsala. Ka cire tiyo daga bakin kabureta ka sa a gwangwani, inji a sanyaye ba wuta ba sigari a kusa. In mai gangarowa ne ya zubo cike da bakin tiyo. In mai famfo ne, wayoyin fulogi a cire a jingina su jikin inji nesa da man, ka buga sitata kaga yana tofowa da ƙarfi fat fat fat. Famfon nan ba lantarki ke juya yawancinsu ba, numfashin cikin inji ne ke motsa shi ta wani ɗan gajeren tiyo, in tiyon ya tsage famfo zai ba da abinda ya isa silo amma bai isa aiki ba. Tsohon tiyon mai ma yana ruɓewa ta ciki ya kumbura ya matse hanya alhali ta waje kamar sabo.

In mai na isowa sosai amma cok har yanzu na taimako, toh yanzu ne lokacin kabureta. Ka matse tiyo, ka kwance kofin ƙasa. A yawancin motocin nan akwai solonoid a gindin kofin mai waya, aikinsa ya toshe jet, ɗan ramin da mai ke bi ya shiga inji, in an kashe makulli don kar salansa tayi harbi. Ka murɗa makulli ka saurara ya kamata kaji ƙas, in ka ciro shi kaga tsinken yana shigewa ciki gaba ɗaya in an bashi wuta, wanda ƙanzon tsohon mai ya riƙe yana komawa rabi ne sai ya zama ya tare hanya. Ka ciro babban jet ka ɗaga wa haske, ramin ya zama zagayayye tsaf, ɗan ƙanzo kaɗan a gefe ya isa ya rage man da ake buƙata a lodi. A fesa maganin wanke kabureta, a bi da iska, in dole sai an zura wani abu a sa silin wayar tagulla mai laushi. Allura ko ƙarfe suna faɗaɗa ramin kuma ba'a mayar da shi. Ka duba gasket ɗin da ke tsakanin kabureta da inji, in ya yage iska na satar hanya, alamunsa iri ɗaya ne da toshewar jet.

Tunda mun ambaci solonoid, in motarka irin wadda ake jan maɓalli a kunna wuƙaƙe ce, kuloc ɗin lantarki ne kuma yana jan wuta. In caji baya aiki batir zai yi ta sauka kana yanka har kuloc ya fara santsi ko solonoid ya saki ya yanke mai. Ka sa mita, batir mai lafiya a kashe wajen 12.6 yake nunawa, inji na cikakken gudu ya haura 13. In bai motsa daga inda yake ba caji ne.

Masu inji mai silinda biyu ku karanta nan da kyau, domin wannan ya ruɗi mutane da yawa har da masu gyara. Injin nan yana iya tashi, yayi silo, yayi rezin da silinda ɗaya tak, ɗayar a mace, kuma kunnen da bai saba ba bazai gane ba. Sai an kunna wuƙa rabin inji ya kasa. Gwajin da sauƙi. Inji a kashe, ka cire wayar fulogi ɗaya ka jingina ta jikin ƙarfen inji, ka tayar. Ka kashe, ka mayar, ka cire ɗayar ka sake tayarwa. In kowanne ka cire yana tashi amma da rauni, duka biyun na aiki. In ka cire ɗaya ba abinda ya canja, ka cire ɗayan kuma ya ƙi tashi sam, toh wancan na farkon da ma a mace yake. Sai ka musanya fulogi tsakaninsu kaga ko matsalar ta bi fulogin. In bata bi ba a gwada wutar kwayil, abin nan da ke ba fulogi wuta. Akwai siririyar waya a jikin kwayil wadda ke kashe inji, ka zare ta, in wuta ta dawo kwayil lafiya yake, laifin na cikin wayar ne, a wasu injinan Briggs akwai dayod a cikinta da ke ƙonewa. Ka sani fa in ka zare wayar nan makulli bazai iya kashe wannan silindar ba, don haka gwajin wuta kawai zakayi da sitata, fulogi a waje.

Fulogin kansa ka karanta fuskarsa. Ruwan ƙasa mai haske lafiya, baƙin toka busasshe mai yayi yawa ko iska tayi kaɗan, fari fat mai yayi kaɗan ko zafi, jiƙe da baƙin mai kuma magana ta koma cikin inji. Tazarar bakinsa a yawancinsu inci 0.030 ne, wato kusan milimita 0.76, amma ka duba littafin naka. Kwayil kuma yana da wata ɗabi'a, yana aiki lafiya da sanyi, da ya ɗau zafi sai ya fara misin, ya huce ya dawo. Yana kama da matsalar murfin tanki sosai, shi yasa nace ka fara gwada murfin tunda shi kyauta ne.

Zafi. Waɗannan injina ba ruwa a jikinsu, iska ce kaɗai ke sanyaya su ta tsakanin haƙarƙarin nan na jikin silinda, kuma aikinsu cikin ciyawa da ƙura yake. Ka kwance murfin saman inji, noti kaɗan ne, ko da sau ɗaya a shekara. Abinda zaka tarar zai baka mamaki, busasshiyar ciyawa ta cushe ko ina ta haɗu da maiƙo ta zama ƙullu, in kuma motar ta daɗe a ajiye har sheƙar ɓera zaka samu a kan silinda ɗaya da tsummoki da guntun soso, ɓangaren nan kwata-kwata iska bata taɓa shi. Injin da ke haka zai fara aiki da ƙarfi, bayan ɗan lokaci ya fara sanyin jiki. Ka leƙa bakin salansa ma, zanzaro na gina gidan laka a ciki, wasu kuma suna da raga a baki da baƙin hayaƙi ke toshewa. Inji in bai fitar ba bazai shaƙa ba.

Illar zafin nan bata tsayawa a ranar, ita ke kai mu ga bawul da gasket. Ka buɗe murfin bawul inji a sanyaye, ka juya inji da hannu ka kalli roka biyun, ƙarafan nan da ke danna bawul, suna hawa da sauka. Su yi tafiya kusan daidai da juna. In ɗaya na motsi kaɗan ƙwarai, ko sandar da ke tura ta ta lanƙwashe ko ta faɗi gefe, ko kuma kam, ƙarfen cikin inji mai tudu-tudu da ke ɗaga sandar, ya cinye. Sandar bata lanƙwashewa haka kawai, yawanci zafi ne ya sa gidan bawul ya zamo daga mazauninsa roka ta doke shi, in ka canja sanda kaɗai zata sake lanƙwashewa. In komai na tafiya daidai sai a auna tazarar da ke tsakanin roka da kan bawul da filagej, siraran ƙarafan nan na auna tazara. A Briggs masu silinda biyu yawanci inci 0.004 zuwa 0.006 ne, ana aunawa bayan fistin ya wuce ƙololuwar matsi ya sauka kamar milimita 6, amma kowane inji da lambarsa, ka ɗauki lambar da ke jikin naka ka nemo. Wasu Kohler Command ma ba'a saita su sam, baƙin mai ne ke riƙe tazarar da kansa.

Ka zaro sandar auna baƙin mai ka duba ka kuma sansana. In ya haura layi yana warin fetur, allurar fulot ce, wadda ke tsayar da mai in kofin kabureta ya cika, ke yoyo fetur na gangarawa cikin inji, a gyara kabureta a canja man kafin a sake tayarwa, don man da ya tsinke baya kare komai. In kuma inji na fitar da farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daidai lokacin da aka sa masa lodi, yana shan baƙin mai, filtar iska na jiƙewa, toh ka zargi gasket ɗin kan silinda. A Briggs masu silinda ɗaya da bawul a sama an san shi da ƙonewa a siririn wurin da ke tsakanin silinda da ramin sandunan roka, matsi ya riƙa zurarewa cikin inji yana koro mai. Kar ka dogara da gejin matsi na yau da kullum anan, domin injinan nan suna da ɗan abin da ke rage matsi da gangan lokacin buga sitata don ya tashi da sauƙi, sai geji ya baka lamba ƙasa ko da inji lafiya. Gwajin da ke faɗin gaskiya shine wanda ake kulle fistin a sama a hura iska ta ramin fulogi a saurari inda take fita. In ta kabureta take fita bawul ɗin shiga ne, in ta salansa na fita ne, in ta ramin zuba baƙin mai kuma ringi ne ko gasket ɗin nan. Gasket aiki ne da mai ɗan hannu zai iya in yana da sifanar auna ɗauri ya kuma bi jerin ɗaure notin yadda littafin ya tsara, amma in ringi ne ko kam sai an tsaga inji, anan gara ka kai wa makaniken da ya saba da ƙananan injina ya fara duba jikin silindar ya gaya maka ko gyaran zai biya.